Hoton da kwastoma ya turo wa bot bai bayyana a imel ɗin tikiti ba: tambayoyi da amsoshi

Kamfani ya ɗora bot, wato manhajar da ke amsa saƙonni da kanta, a WhatsApp ko Telegram don karɓar koke. Kwastoma ya turo hoton rasit ko na kayan da suka iso masa a fashe, bot ya buɗe tikiti, wato rajistar koken, ta imel, ma'aikaci ya duba ya tarar da rubutu zalla. Sai a koma wa kwastoma a ce ya sake turowa, alhali ya riga ya yi nasa.

Me ya sa rubutu ke isowa amma hoto ba ya isowa?

Saboda dandalin hira ba ya miƙa wa bot hoton kansa, lambar shaidarsa kawai yake bayarwa. A WhatsApp Cloud API, wato hanyar da manhajar kamfani ke haɗuwa da WhatsApp, sanarwar da Meta, mai WhatsApp, ke turowa sabarka, wato kwamfutar da bot ɗinka ke aiki a kanta, wadda masu rubuta manhaja ke kira webhuk, tana ɗauke da lambar hoton da nau'in fayil ɗin cikin tsarin JSON. Da wannan lambar za ka nemi adireshin saukewa, adireshin kuma minti 5 kacal yake aiki. A Telegram ma haka ne: za a ba ka file_id, ka kira getFile, ka samu adireshin da aka tabbatar zai yi aƙalla awa 1. Wanda ya kwashi abin da ke cikin sanarwar ya zuba a imel kai tsaye, lamba ya aika.

To me zai hana a liƙa adireshin a cikin imel ɗin?

Kafin ma'aikaci ya buɗe tikitin washegari da safe, adireshin ya mutu. Na WhatsApp ko bai mutu ba, ba ya buɗuwa a burauza sai da makullin shiga na kamfanin, wato lambar sirrin da manhajarsa ke amfani da ita. Na Telegram ya fi haɗari, domin makullin bot ɗin yana rubuce cikin adireshin kansa. Duk wanda imel ɗin ya faɗa hannunsa zai iya karanta saƙonnin bot ɗin ko ya aika saƙo da sunansa. Wannan kuskure ne da bai kamata a yi ba ko a lokacin gwaji.

Yaya ya kamata aikin ya tafi?

Da zarar sanarwa ta iso, sabar ta amsa da lambar 200, wadda ke nufin saƙo ya iso, nan take, ta jefa aikin saukewa cikin layi. Idan ta tsaya saukewa kafin ta amsa, dandalin zai iya ɗauka saƙon bai isa ba ya sake turowa, hoto ɗaya ya zama biyu. Don haka ma a riƙa ajiye lambar kowane saƙo, wanda aka taɓa gani a tsallake shi. Daga nan a sauke fayil ɗin, a adana shi a ma'ajiyar kamfanin tare da lambar hirar, sannan lokacin haɗa imel a ɗauko shi daga can. Telegram yana turo hoto ɗaya a girma daban-daban. A zaɓi mafi girma, in ba haka ba lambobin rasit ba za su karantu ba.

A maƙala hoton ne, ko a sa mahaɗi zuwa ma'ajiya?

A nan lissafi ke shigowa. Imel ba ya ɗaukar fayil ɗanye, sai an mayar da shi rubutu ta hanyar Base64, wanda ke mayar da kowane bayit 3 zuwa 4. Hoton megabayit 5, wato iyakar da WhatsApp Cloud API ke karɓa, zai koma kusan 6.7. Gmail yana tsayawa a megabayit 25 wajen aikawa, SendGrid, wani dandalin aika imel, a 30 ga saƙon gaba ɗaya, wasu sabobin kamfanoni kuma ba sa karɓar abin da ya haura 10. Hotuna biyu manya sun isa su sa a dawo da imel ɗin, tikitin kuma ya ɓace tare da su.

Abin da ya fi shi ne a rage girman hoton kafin aikawa, tsawon gefe kamar fiksel 1600, a maƙala wannan, a bar na asali a ma'ajiya. Idan jimillar ta kusa megabayit 7, wanda Base64 zai kai shi kusa da 10, a koma kan mahaɗi. Sai dai mahaɗi mai sa hannu na ma'ajiyar Amazon S3 ba ya wuce kwana 7, tikiti kuwa yakan yi wata a buɗe. Gara mahaɗin ya bi ta shafin kamfanin inda ma'aikaci zai shiga da sunansa.

Ana iya sa hoton ya fito a cikin jikin saƙon?

Ana iya. A maƙala shi a matsayin ɓangaren MIME, wato tsarin da imel ke ɗaukar fayiloli da shi, a ba shi suna a Content-ID, a kira shi cikin HTML da cid: da wannan sunan. Kada a cusa Base64 kai tsaye cikin HTML, Gmail ba ya nuna irin wannan.

Wani lokaci hoton yana zuwa, wani lokaci ba ya zuwa. Me ke faruwa?

Galibi tsere ne tsakanin saƙonni. Kwastoma ya rubuta bayani, bot ya buɗe tikiti nan take, hoton kuma yana kan hanya saboda netwok ɗinsa na ja. Kowane hoto sanarwarsa daban take zuwa. Maganinsa biyu ne a haɗe: bot ya tambayi kwastoma ko ya gama turowa, ko ya jira kamar daƙiƙa 45 bayan saƙon ƙarshe, hoton da ya makara kuma a aika shi a imel na biyu mai ɗauke da In-Reply-To da References da ke nuna Message-ID, wato lambar shaidar imel na farkon, don ya faɗa cikin tikiti ɗaya.

Hoton ya iso amma ya ƙi buɗuwa fa?

A fara duba girmansa. Idan bayit ɗari biyu ko uku ne, saƙon kuskure aka sauke aka laƙaba masa .jpg, yawanci don makulli ya ƙare ko adireshi ya mutu. JPEG na gaske yana farawa da bayit FF D8 FF, PNG da 89 50 4E 47, kuma ya kamata manhajar ta duba wannan da kanta kafin ta maƙala komai. Hakan ma yana tare fayil mai cutarwa da aka sauya wa suna. Idan girman daidai ne, to wataƙila an karanta fayil ɗin a matsayin rubutu a wani mataki, ko kuma hoto ne nau'in HEIC daga iPhone, wanda kwamfutoci da dama ba sa buɗewa sai an mayar da shi JPEG. Sunan fayil mai ƙ ko ɗ ma yakan hargitse idan ba a shirya shi da UTF-8 ba. A sa masa sabon suna da lambar tikiti a huta.

Idan manhajar tikiti ta Zendesk ake amfani da ita, sai an bi ta imel?

Ba dole ba. A ɗora fayil ɗin ta API ɗinsu na ɗora fayiloli, a karɓi makullin da yake yin minti 60, a sa shi cikin bayanin tikitin lokacin buɗewa. Iyakokin imel ba su shafi wannan hanyar ba.

Sirrin kwastoma kuma fa?

Hoton da aka ɗora ta akwatin hira na shafin intanet yakan zo da bayanan EXIF, waɗanda kyamara ke ɓoyewa cikin fayil ɗin, har da wurin da aka ɗauke shi. A goge su lokacin rage girma. Mutane na turo katin banki da katin shaida ba tare da an tambaye su ba, kuma abin da ya shiga imel ba ya dawowa. Bot ya faɗa wa kwastoma tun farko ya rufe lambar katinsa, ma'ajiya kuma a sa mata wa'adin gogewa bayan an rufe tikiti.