Bayan sauya gwiwa, kwanciya ba ta rage ciwo

A ranar da aka yi wa mutum tiyatar sauya gwiwa, ko washegari, ma'aikatan asibiti za su ce ya tashi ya taka da sandar dogarawa. Masu jinya kan ce, "Haba, ɗinkin ko kamewa bai yi ba!" Da gangan ake yin haka. Ƙarfe da robar da aka sa a madadin gaɓar da ta lalace suna iya ɗaukar nauyin jiki tun daga farko. Abin da ke ciwo naman da aka yanka ne da kumburin da ya biyo baya.

Gwiwar da aka bari a wuri ɗaya ƙagewa take yi. Tabo yana taruwa a ciki ya ɗaure gaɓar, naman cinya ya saki, ruwa ya taru, ciwon ya ƙaru. Shi ya sa takun farko da safe ya fi kowanne zafi, sai an ɗan zagaya ɗaki ake jin sauƙi. Ana so gwiwa ta lanƙwashe zuwa digiri 90, wato kamar yadda take idan an zauna a kan kujera, a makonnin farko, ta kuma miƙe sambal. Miƙewar ce aka fi yi wa sakaci: mutum ya cusa filo a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi, ita kuwa ta saba da tanƙwarewa. Filon a ƙarƙashin diddige ake sa shi. Idan ta ƙage sosai, wani lokaci sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta.

A sha maganin ciwo kamar rabin awa kafin atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar. Bayan an gama a ɗaga ƙafa sama, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20. Tsami da jan nama da ke lafawa bayan an huta ba abin tsoro ba ne. Idan kuwa gwiwa ta kwana tana zogi, ta wayi gari ta fi jiya kumburi, an zarce ne. A rage, amma kada a daina.

Ko a kwance, a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa don kada jini ya daskare a jijiya. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, waɗannan a garzaya asibiti nan take.