Tsige shugaban ƙasa: tambayoyin da kuka ƙi daina maimaitawa

Tsige shugaba ba juyin mulki ba ne?

A'a. Mai juyin mulki ture kundin tsarin mulki yake yi. Tsigewa kuwa a cikin kundin take a rubuce. Na faɗi wannan har bakina ya gaji.

Jama'a ne suka zaɓe shi, ta yaya 'yan majalisa za su cire shi?

To su 'yan majalisar daga sama suka faɗo? Su ma zaɓarsu aka yi. Kuma kundin da shugaban ya rantse zai kare, shi ne ya ba su wannan wuƙar.

An ce an tsige Trump sau biyu, me ya sa bai sauka ba?

Majalisar wakilan Amurka tuhumarsa kawai ta yi, a 2019 da 2021. Hukunci na majalisar dattawa ne, kuma sai da kashi biyu bisa uku, wanda ba a samu ba. Haka shugaban Amurka Andrew Johnson ya sha a 1868. Nixon kuwa murabus ya yi a 1974, don Allah ku daina sa shi a lissafi.

Idan ƙuri'u sun cika amma kowa ya san ƙiyayyar siyasa ce, tsigewar ta halatta?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma amsata a nan ba yankan shakku ba ce. A takarda, galibi eh, domin yawancin kundaye sun bar wa majalisa ta fassara mene ne babban laifi. Amma dubi Faragwai a 2012: cikin kwana biyu aka gama da shugaban ƙasar, Fernando Lugo, lauyoyinsa sa'o'i biyu kacal aka ba su. An bi adadin ƙuri'u, amma maƙwabta suka ce ba su yarda ba, har ƙungiyar kasuwanci ta wasu ƙasashen Kudancin Amurka, Mercosur, ta dakatar da ƙasar. A Brazil an ɗauki watanni kafin dattawa su cire Dilma Rousseff a 2016 da ƙuri'a 61 da 20, kan zargin murɗa lissafin kasafin kuɗi, amma har gobe magoya bayanta juyin mulki suke kiran abin.

Ni dai abin da nake dubawa: an faɗi laifin ƙarara? An ba shi lokacin kare kansa? Akwai wanda ba ya cikin rigimar da zai sake duba lamarin? Koriya ta Kudu ta fi burge ni a nan, tunda kotun tsarin mulki ce ke da maganar ƙarshe. Ta mayar da Roh Moo-hyun kujerarsa a 2004, ta cire Park Geun-hye a 2017. Ko da yake su ma alƙalai mutane ne, wani ne ya naɗa su, don haka kada ku ce na ce kotu ba ta kuskure.

Ƙasa ba za ta zauna babu shugaba ba?

Kwantar da hankalinka, Malam. Kundi ya riga ya faɗi magaji. A Brazil mataimaki, Michel Temer, shi ya ƙarasa wa'adin.

Idan majalisa ta ƙi tsige azzalumi, sojoji su shigo?

A'a. Kada a sake yi mini wannan tambayar.