Umarnin likita a gidajen kula da tsofaffi na Amurka: abin da doka ta tanada

A Amurka, duk gidan kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, yana ƙarƙashin dokar da majalisa ta zartar a 1987, CMS kuma, hukumar tarayya da ke kula da waɗannan shirye-shirye, ita ce ke sa ido. Idan likita ya rubuta a auna hawan jinin dattijo safe da yamma, ko a duba sukarinsa kafin cin abinci, wajibi ne a yi, a kuma rubuta a fayil. Abin da ba a rubuta ba, masu bincike kan ɗauka ba a yi shi ba.

Sai dai sau da yawa matsalar ba a awon take ba, tana wajen isar da labari. Ga misali, mai ciwon zuciya da ruwa ke taruwa a jikinsa. Likita kan ce a ɗora shi kan sikeli kowace safiya, a kira shi idan nauyin ya ƙaru da laba 3 a rana guda, ko laba 5 a mako, wato kilo 2 da ɗoriya. Ma'aikaciya ta auna ta rubuta, ta tashi aiki, wata ta karɓa, ba wanda ya gwada na yau da na jiya. Kafin a ankara ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sama-sama, sai motar asibiti. Wannan sakaci ne da kiran waya ɗaya zai hana. Shi ya sa doka ta ce da zarar an ga babban sauyi a lafiyar mutum, a tuntuɓi likita nan take, a sanar da majinyacin da wakilinsa. Haka ma sakamakon gwajin jini da ya kauce wa ƙa'ida, ba a barinsa ya kwana a fayil.

Dattijo na da haƙƙin ƙin awo ko magani. Ba a tilasta masa, amma sai an rubuta, likita kuma ya sani.

Dole ne likita ya duba majinyaci aƙalla sau ɗaya kowane kwana 30 a cikin kwana 90 na farko, daga nan kowane kwana 60.

Masu binciken jiha kan zo ba sanarwa, tsakanin bincike da bincike ba ya wuce wata 15. Gidan da aka kama da laifi ana iya cin sa tara. In ya yi wata 3 bai gyara ba, a dakatar da biyan kuɗin sababbin majinyata. In ya kai wata 6, a cire shi daga shirin. Majinyaci ko wakilinsa na da damar ganin fayil cikin awa 24, ban da ranakun hutu.