Biyan Bashi Ba Tare da Kashe Jiki Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Mai bashi yakan ɗage komai sai ya gama biya: ganin likita, motsa jiki, abinci mai kyau, har isasshen barci. Ga wasu tambayoyi da ke damun magidanta maza da mata masu son fita daga bashi, waɗanda kuma ba sa son su fito daga cikinsa da hawan jini ko ciwon suga.

Bashi ya sha mini kai. Ba gara in gama biya tukuna in dawo kan maganar motsa jiki ba?

A'a. Bashin gida ba a gama shi cikin mako ɗaya. Yakan ɗauki shekara biyu, uku, wani ma fiye. Duk tsawon wannan lokaci, aikinka ne ke biyan bashin, jikinka kuma shi ne ke yin aikin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, kuɗin shiga zai tsaya, kuɗin magani ya kunno kai, kuɗin ruwa kuwa bai san jinya ba, yana nan yana hauhawa.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika kula da shi ba. A shekarar 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka yi. Sun gwada kaifin tunanin manoman rake a Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da hannunsu babu komai, da kuma bayan girbi da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin bayan girbi. Ma'ana, damuwar kuɗi tana cinye wani yanki na tunanin mutum, a daidai lokacin da ya fi bukatar lissafi mai kyau. Motsa jiki na rage damuwa, yana kuma gyara barci. Mai bashin da ya yi barcin awa 7 ya tashi da nutsuwa ba zai yanke irin hukuncin da wanda ya kwana juyi zai yanke ba.

To daga ina zan fara?

Daga takarda da biro. Ka zauna da dare bayan gida ya yi shiru, ka ja layi huɗu: sunan mai bin ka, abin da ya rage, kuɗin ruwan da ake ɗora maka, da mafi ƙarancin abin da dole ka biya kowane wata. Ka rubuta duka, har ɗan abin da ka ara a hannun abokin aiki kana fatan ya manta. Mutane da yawa sun san suna da bashi, amma ba su san jimillarsa ba, domin tsoro ya hana su haɗa lissafin. Lambar da ka gani a takarda za ta iya ɗaga maka hankali a daren farko, amma ita ake iya yi wa shiri.

Bayan nan ka fahimci yadda kuɗin ruwa ke aiki, domin a nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami. A ɗauka ana bin ka 100,000, ko da wane irin kuɗi ne, a kan ruwan kashi 3 cikin 100 kowane wata. A watan farko ruwan kaɗai 3,000 ne. Idan kana biyan 4,000 a wata, 1,000 ne kacal ya taɓa uwar kuɗin. A haka sai ka yi kusan wata 47 kafin ka gama, kuma ruwan da za ka biya zai kai kusan 88,000. Amma idan ka ƙara 2,000 kawai, kana biyan 6,000 a wata, za ka gama cikin wata 24, ruwan kuma ya sauko zuwa kusan 41,000.

Ka sake duba wannan lissafi da kyau. Ƙarin 2,000 ya rage tsawon bashin da rabi. Dalili kuwa shi ne duk abin da ka ɗora a kan kuɗin ruwa kai tsaye yake zuwa ya ci uwar kuɗin. Wannan ɗan rarar ne ake yi wa tsimi. Ba ana matse kai don son wahala ba ne, ana neman inda za a samo wannan ƙarin ne kowane wata.

Basussukan suna da yawa. Wanne zan fara kashewa?

Kafin komai, ka ware waɗanda rashin biyansu zai raba ka da muhalli, ko wuta da ruwa, ko abin da ka jinginar. Waɗannan ba a wasa da su.

Sauran kuma hanya biyu ce aka sani. A duka biyun kana biyan kowa mafi ƙarancin abin da ya wajaba, sai ka tattara rarar a kan guda ɗaya. Hanya ta farko, ka fara da wanda ruwansa ya fi tsada. Ta fuskar lissafi ita ce ta fi sauƙin kashe kuɗi, babu gardama. Hanya ta biyu, ka fara da mafi ƙanƙanta, ka share shi, ka ɗauki abin da kake biya a kansa ka ƙara wa na gaba. Wannan tana iya jawo ɗan ƙarin ruwa, amma tana ba mutum ƙarfin gwiwa, saboda yana ganin sunaye na fita daga takardarsa.

A ganina, idan akwai bashi guda da ruwansa ya yi wa sauran fintinkau, shi za ka fara tunkara ko da kuwa shi ne mafi girma. Ga wata dabarar gane haɗarinsa: raba 72 da ruwan shekara, za ka sami kimanin shekarun da bashin zai ninka kansa idan ba a biya ba. Mai ruwan kashi 36 a shekara, shekara 2 kacal yake bukata. Idan kuwa ruwan basussukan duk kusan ɗaya ne, fara da ƙaramin.

Ba ni da kuɗin gidan motsa jiki. Akwai abin kirki da zan iya yi ba tare da kayan aiki ba?

Sosai ma. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Babu inda aka ce sai da na'ura. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika ƙa'idar. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: idan numfashinka ya ɗan ƙaru, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, to kana kan matsakaicin mataki.

Ƙarfafa tsoka kuma kujera da bango sun wadatar. Zauna a bakin kujera, ka harɗe hannu a ƙirji, ka miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, ka koma a hankali har sai cinyarka ta ji nauyin. Yi sau 10, ka huta, ka maimaita. Sannan ka dafa bango da tafin hannu biyu, ka ja ƙafafu baya kaɗan, ka kai ƙirji kusa da bangon ka tura kanka baya. Idan ya yi sauƙi sai ka koma dafa tebur, daga nan ƙasa. Hawan matakala ma atisaye ne cikakke.

Game da biyan kuɗin wata-wata a gidan motsa jiki, masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 kan wasu irin waɗannan gidaje a Amurka. Sun gano masu biyan kuɗin wata ba sa zuwa sau 5 ma a wata idan aka yi matsakaicin lissafi, ta yadda da a ce kuɗin shiga na kowace rana suke biya, da ya fi musu araha. Mai bashi ba shi da kuɗin da zai sayi niyya da shi. Ka fara da abin da ba a biya. Idan ka riƙe shi wata shida kuma bashin ya yi sauƙi, sai a yi maganar wurin biya.

Wanda ke da ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai juna biyu, ya fara jin ta bakin likita. Ciwon ƙirji ko jiri a lokacin atisaye alama ce ta a dakata nan take.

Dole ne sai na yi taku 10,000 a rana?

Ba dole ba ne. Lambar ta samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, ba daga wani binciken lafiya ba. Wani bincike na 2019 da I-Min Lee ta jagoranta kan mata tsofaffi a Amurka ya nuna masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon binciken, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Ka ƙara kan abin da kake yi yanzu. Idan akwai wata gajeriyar tafiya da ka saba biyan kuɗin mota a kanta, ka taka da ƙafa, kuɗin ya tafi kan bashi.

Ai abinci mai gina jiki tsada gare shi. Idan na matse cefane ba zan cutar da iyalina ba?

Za ka cutar da su idan ka matse a inda bai kamata ba. Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne gida ya koma cin abu ɗaya mai cika ciki safe da dare, a janye kayan lambu da abin da ke gina jiki, musamman ga yara masu tasowa da mai ciki ko mai shayarwa. Wannan ba tattali ba ne, bashin asibiti ne ake tarawa.

Wurin da ya kamata wuƙa ta fara sauka shi ne abin da ke cin aljihu yana kuma cin jiki. Gwangwanin lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma ya fi kyau ya tsaya a wajen giram 25. Ka ga gwangwani ɗaya ya zarce wannan. Haka taba, haka kayan ƙwalam na cikin leda, haka sayen abinci a waje kullum. Ka rubuta abin da waɗannan ke ci a wata guda. Sau da yawa a nan ɗan rarar da ake nema yake ɓoye.

Wuri na biyu shi ne ɓarna. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. A tsara abin da za a dafa na mako kafin a fita sayayya, a dafa daidai bakin mutanen gida, a san yadda za a adana ragowa. Kayan da ke cikin lokacinsu sun fi araha, kuma wake da danginsa suna gina jiki a kan kuɗi kaɗan.

Mai son rage ƙiba kuma kada ya kashe ko sisi kan shayin rage tumbi ko ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet. Rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne abin da jiki ke ɗauka lafiya. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 90, kilo 6 da ɗan kai ake magana.

In zuba duk rarar a kan bashi, ko in ajiye wani abu?

Ajiye kaɗan tukuna. Wanda ba shi da ko kwabo a gefe, ranar da yaro ya yi zazzaɓi ko abin hawa ya lalace, sabon rance zai nema, kuma rancen gaggawa shi ne mafi tsada. Ka tara abin da zai iya ɗaukar matsala guda ta ba-zata, ka sa shi inda hannu ba zai kai gare shi da sauƙi ba, sannan ka juya kan bashin da ƙarfinka duka. Idan ka taɓa ajiyar, ka cike ta kafin ka ci gaba.

An yi mini tayin rance guda da zan biya sauran duka da shi. In karɓa?

Sai idan ruwansa ya gaza na waɗanda kake da su bayan an haɗa duk wani caji, kuma ba a nemi ka jinginar da gidanka ba. Kada ƙarancin biyan wata ya ruɗe ka, ka nemi a faɗa maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe. Manhajojin waya masu ba da rance cikin minti kaɗan kuwa ka yi nesa da su. Kafin ka je ko'ina, ka fara tunkarar mai bin ka da kanka tun wa'adi bai cika ba, ka faɗa masa abin da za ka iya biya, ka nemi a rubuta sabuwar yarjejeniya. Masu bin bashi da yawa sun fi son kaɗan-kaɗan mai tabbas a kan wanda ya kashe waya.

Abokin zamana bai san girman bashin ba. In faɗa?

Faɗa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin da za a ɓoye wa wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ba ne. Ba za ka iya rage kashe kuɗin gida kai kaɗai ba alhali ɗayan bai san dalili ba. Shi rowa zai gani, kai kuma almubazzaranci za ka gani, sai rigima. Ku ajiye takardar a tsakaninku, ku amince kan abin da za a yanke da wanda ba za a taɓa ba. Ku bar wa kowannenku ɗan abin kashewa da ba sai ya yi bayaninsa ba, ko yaya ƙanƙantarsa, domin tsarin da babu numfashi a cikinsa ba ya daɗewa. Idan da hali, tattakin yamma ku yi shi tare. Magana mai nauyi ta fi sauƙin fita ana tafe kafaɗa da kafaɗa.

Idan damuwar ta kai ba ka barci, ba ka cin abinci, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, wannan ya wuce maganar lissafi. Ka ga ma'aikacin lafiya, ka kuma sanar da wani naka.

Na fara da zafi, bayan mako uku na watsar. Me ke damuna?

Ba komai. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a wata jami'a a Landan ya gano sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ma har kwana 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa abin da aka gina ba. Mako uku ya yi kaɗan a yanke hukunci. Ka rage nauyin abin da ka ɗora wa kanka: tafiyar minti 10 bayan cin abincin dare, a lokaci guda kullum. Biyan bashin kuma ka mayar da shi ranar da kuɗi ya shigo hannunka, kafin a taɓa komai, ba ƙarshen wata ba lokacin da babu abin da ya rage.