Kuɗin ƙaramar hukumarku, wa doka ta ɗora wa bin sawunsu?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta zancen kantoma da kwamitin riƙo, duk majalisar da ka zauna hirar ɗaya ce, gwamnoni za su saki ko ba za su saki ba. An daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa kam. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ko da kuɗin sun faɗo asusun sakatariya yau, wa zai duba inda suka tafi? Doka ta tanadi masu wannan aikin, sai dai yawancinmu ba mu ma san da su ba balle mu matsa musu.

Kuɗin dai ba kaɗan ba ne. Duk wata idan aka zauna rabon arzikin ƙasa a Abuja, ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68, ban da kasonsu na harajin VAT da abin da suke karɓa a kasuwanni da tashoshin mota. Da can sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 aka riƙe, kuɗin su faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha sannan a raba, to a nan ne ake yanke-yanken da kowa ya sani. A 2019 ma hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana a cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu.

Matakin farko na sa ido a cikin gida yake, wato kansiloli. Kansila ɗan majalisa ne, majalisar dokokin ƙaramar hukuma, kuma ciyaman ba shi da hurumin taɓa sisi sai sun amince da kasafin shekara. Suna iya kiran ma'aji ko shugaban sashen ayyuka ya zo ya yi bayani, su je da ƙafarsu su ga rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa. Mu ne muka mayar da kansila mai biyan kuɗin asibiti da ragon suna, shi ma sai ya manta da ainihin aikinsa, ga shi kuma zaɓen nasu hukumar zaɓe ta jiha ce ke yi, sau da yawa jam'iyyar gwamna ta kwashe kujerun kaf, to wa zai ɗaga wa ciyaman yatsa a cikinsu?

A sakatariyar kuma akwai odita na cikin gida. Kafin a biya kowace bauca, wato takardar biyan kuɗi, sai ya duba, shin akwai wannan aikin a kasafi, an sa hannun da ya kamata, an haɗa rasit da takardar shaidar kammala aiki? In bai gamsu ba yana da damar ya ƙi sa hannu. Matsalarsa kullum yana tare da waɗanda yake bincika, ofis ɗaya, masallaci ɗaya.

Shi ya sa aka yi na waje, Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi. Ku lura, ba shi ne Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha da sashe na 125 na kundin tsarin mulki ya kafa ba, wannan ofis ne daban da dokar kowace jiha ta samar. A Kano littattafan ƙananan hukumomi 44 ne a gabansa, a Katsina 34, a Jigawa 27. Bayan shekara ta ƙare ma'aji ya rufe lissafi ya miƙa, ma'aikatansa su bi bauca-bauca, inda suka ga kuɗi sun fita ba takarda, ko an ba ma'aikaci kuɗin aiki bai dawo da lissafi ba, ko an biya kwangila ba a yi ta ba, ko an yanki haraji a kuɗin ɗan kwangila ba a kai wa hukumar haraji ba, sai su rubuta takardar tuhuma. Wanda ya kasa amsawa sunan sashensa da adadin kuɗin su shiga rahoton shekara.

To a nan mutane ke yin kuskure. Odita ba ɗan sanda ba ne, ba ya kama kowa ba ya gurfanar da kowa. Nasa ya rubuta ya kai wa majalisar dokokin jiha, ita kuma ta miƙa wa kwamitinta na bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda ake kira PAC. Ƙarfin yana hannun majalisa. Sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba ta ikon bincike domin fallasa rashawa da almubazzaranci da sakaci a kuɗin da ta ware, sashe na 129 kuma ya ce tana iya sammacin kowa a Najeriya ya zo da takardu ya yi rantsuwa, in ya ƙi zuwa ba dalili ta sa a kawo shi. Daga nan tana iya cewa a dawo da kuɗin, ko a tura maganar ga EFCC ko ICPC ko hukumar yaƙi da rashawa ta jiha inda ake da ita.

Wallahi a nan igiyar ta fi tsinkewa. Rahoto ya iso a makare, kwamiti ya ajiye shi, kafin a zauna a kai ciyaman ɗin ya gama wa'adinsa wataƙila ma ya zama ɗan majalisar, ma'ajin an yi masa canjin wurin aiki. Ba na cewa duk ciyamomi ɓarayi ne, akwai masu tsoron Allah, amma su ma binciken gaskiya ne zai wanke su, tunda yanzu kowa kuɗin goro ake yi masa.

Abin da ke hannunmu shi ne tambaya a rubuce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, na wallafa rabon kowane wata har da abin da ya faɗa wa kowace ƙaramar hukuma, jihohi da dama kuma suna ɗora rahoton oditan a intanet. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar ta shafi jihohi ma. Ƙungiyar ci gaban unguwarku za ta iya rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma ta nemi kwafin kasafin bana da jerin kwangilolin mazaɓarku, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. Sannan ku sami ɗan majalisar jiharku ku tambaye shi rahoton wace shekara kwamitin PAC ya zauna a kai na ƙarshe, kuma me aka yanke game da ƙaramar hukumarku.