Yadda yaro ke ganin iyawarsa da alaƙar hakan da ciwon damuwa

Wannan wani fanni ne a ilimin halayyar ɗan Adam da yake duba yadda yaro ko matashi yake auna kansa, ko yana ganin ya iya karatu, wasa, zama da abokai da sauransu, da kuma yadda hakan yake haɗuwa da ciwon damuwa. Abin da ake aunawa ra'ayin yaron ne a kan kansa ba makin jarabawa ba, don akwai yaron da yake zuwa na ɗaya a aji amma a ransa gani yake shi daƙiƙi ne.

Tarihi

Tun 1902 Charles Cooley, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya ce mutum yana ganin kansa ne ta yadda yake zaton wasu suna ganinsa. Sai a 1982 Susan Harter ta jami'ar Denver a Amurka ta fito da ma'aunin tambayoyi na auna yadda yara suke ganin iyawarsu, ta kuma faɗaɗa shi wajen 1985, ya ƙunshi karatu, wasanni, karɓuwa a wurin abokai, kamanni, hali, sai ƙimar kai gaba ɗaya. Salon tambayoyin nata da wayo yake, ba a ce ma yaro "kai ka iya?", sai a ce wasu yara suna gama aikin aji da wuri amma wasu suna jimawa, wanne ya fi kama da kai, ta haka yaro ba zai ji kunyar faɗin gaskiya ba.

A farkon shekarun 1990 David Cole, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gina a kan wannan, ya ce iyaye da malamai da sa'anni su ne suke ta gaya ma yaro ko shi wane ne, yau a yaba gobe a kushe, in kushen ya yi yawa ta ɓangarori da dama sai yaro ya yarda shi ba komai ba ne, daga nan damuwa take samun ƙofa.

Jinsi

Daga wajen shekara 13 ciwon damuwa ya fi yawa a 'yan mata, kuma an ga sun fi maza raina ƙoƙarinsu na karatu.

Saɓani

Har yanzu ana ja kan wanne yake fara zuwa, raina iyawar kai ko ciwon damuwar. Wani bincike da Cole ɗin da abokan aikinsa suka fitar a 1999 ya nuna ita damuwar ma tana sa yaro ya raina iyawarsa. Yawancin binciken farko dai a makarantun Amurka aka yi su.