Ma'anar "sinizit" da kuskuren da ake yi wajen maganinsa

Tun da hunturu ya shigo da hazonsa, kalmar "sinizit" ta cika gidajen rediyon Damagaram, musamman a bakin masu tallar magani, waɗanda ke laƙaba wa kowane ciwon kai da kowace mura wannan suna. Abin da ya fi damuna shi ne yadda jama'a suka ɗauka kalmar na nufin ƙwayar cuta ta shiga hanci, saboda haka sai an kashe ta da antibiyotik.

Kalmar ta zo mana daga Faransanci, kuma gaɓa biyu gare ta. "Sinus" a harshen Latin yana nufin lanƙwasa ko rami, har da aljihun da ninkin mayafi ke yi a ƙirji, kamar yadda dattijo kan naɗe gefen babbar riga ya zuba goro a ciki. Likitoci suka aro sunan suka ba kogunan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska, a goshi da kumatu da tsakanin idanu da can bayan hanci. Gaɓar ƙarshe kuwa, wato "-ite" a rubutun Faransanci, kumburi kawai take nufi, ba ta ambaci ƙwayar cuta ba.

Idan toshewar hanci ko majina, haɗe da nauyin fuska ko rashin jin ƙanshi, suka kai mako 12, ciwon ya zama mai daɗewa, kuma kumburin ne ake yaƙa. Tushen maganin shi ne wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce, da feshin hanci mai kortizon, wato maganin rage kumburi, irin su mometazon, kullum ba fashi, domin sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Wata ƙanwata ta sayi antibiyotik ɗin amoksisilin sau uku daga tiren mai talla, hancinta bai buɗe ba, ga kuma ɗigon buɗe hanci a jakarta, wanda idan aka wuce mako guda ana ɗiga shi yakan ƙara toshe hancin.

Wasu masu wannan ciwo kan sami tsiron nama mai laushi a cikin hanci, wanda galibi ba ciwon daji ba ne. Su ne likita kan rubuta wa ƙwayar firednizolon, wadda ita ma kortizon ce, ta ƴan kwanaki kaɗai, saboda tana tayar da suga da hawan jini. A 2019 Amurka ta amince da allurar dufilumab ga waɗanda tsironsu ya ƙi jin magani, amma tsadarta ta sa a nan tiyata ce ake komawa gare ta, bayanta kuma a ci gaba da feshin, domin tsiron kan sake fitowa.